Abin da rajistar ɗakin tiyata ta nuna mini game da karayar hannu

A lokacin da nake samun horo a sashen ƙashi na wani asibitin koyarwa a Arewacin Nijeriya, an ɗora mini aikin tattara bayanan baligan da aka yi wa tiyata saboda karaya a hannu, wato daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, inda ƙasusuwa 27 suke: 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu. Nakan ɗauko lambar majinyaci daga rajista, in nemo fayil ɗinsa da hoton ƙashinsa, sannan in rubuta shekarunsa da sana'arsa da musabbabin raunin da hannun da yake aiki da shi.

Maza matasa ne suka fi yawa, kamar yadda ake gani a wasu ƙasashe, sai dai musabbabin namu ne na gida: hatsarin babur, injin markaɗe, injin yankan katako, da faɗowa daga gini. Karayar ƙashin tafi da ke ƙarƙashin ƙaramin yatsa, wadda naushi ke haddasawa, ba ta cika kai mutum ɗakin tiyata ba, domin filasta kan wadatar. Wanda ake yi wa aiki shi ne wanda ƙashinsa ya murɗe, har idan ya dunƙule hannu yatsa ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa, ko wanda karayarsa ta ratsa cikin gaɓa, ko ta zo da buɗaɗɗen rauni. Akasari siririyar wayar ƙarfe ake sokawa ta riƙe ƙashin na 'yan makonni, sannan a zare ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tazarar da ke tsakanin ranar rauni da ranar zuwa asibiti, wadda a ganina ta fi kowane bayani nauyi, amma ita ce aka fi mantawa a rubuta. Majinyata da dama sun fara biyawa ta wurin maɗori, saboda kusanci da sauƙin kuɗi, kuma ban ga laifinsu ba. Na duba wani tela da ya zo bayan an kwance masa karan ɗori: ƙashin ya haɗe a karkace, yatsun sun sandare, ba ya iya riƙe almakashi. Aikin da waya ɗaya za ta gama a makon farko ya koma sake yanka ƙashi da watannin gashin ƙashi. Haka ma ƙaramin ƙashin wuyan hannu da ake kira sikafoyid, wanda sau da yawa karayarsa ba ta fitowa a hoton farko sai an sake ɗauka bayan kwana 10 zuwa 14. Mutane kan ɗauke ta targaɗe ne, alhali jinin da ke isa ɓangaren ƙashin kaɗan ne, don haka yana iya ƙin haɗewa.

Na kuma fahimci cewa rajistar tiyata tana ƙidaya waɗanda suka iya biyan kuɗin aiki ne kawai. Wanda aka rubuta wa tiyata ya tafi neman kuɗi bai dawo ba, babu sunansa a ciki. Saboda haka na shigar da rajistar sashen gaggawa da ta ɗakin ganin likita cikin binciken, na kuma roƙi abokan aikina su riƙa rubuta ranar rauni, da sana'a, da ko an fara yin ɗori, a katin duk wanda ya zo da karayar hannu.