Kwalbar Farar Ƙasa Da Ta Kai Ni Ga Tarihin Ƙungiyar Masana Yumɓu Ta Amurka

A lokacin da nake binciken digiri na biyu a kan farar ƙasar Ƙanƙara ta Jihar Katsina, na shafe makonni ina auna samfuri guda da na'urar eksire, amma sakamakon yau daban, na gobe daban. Da abin ya ishe ni, sai malamina ya buɗe durowarsa ya ɗauko wata 'yar kwalba mai gari fari fat, mai santsi a tsakanin yatsu kamar hoda, an rubuta KGa-1b a jikinta. Ya ce, "Fara auna wannan tukuna, domin duniya ta san halinsa, idan shi ma ya ba ka sakamako biyu, to ka daina zargin ƙasar Ƙanƙara." Haka kuwa aka yi, ashe yadda nake danne garin a kan faranti ne yake kwantar da ƙwayoyinsa masu faɗi ta fuska ɗaya, ƙarfin alamar da na'urar ke nunawa ya riƙa sauyawa.

Wannan kwalba ce ta sa na nemi izinin gabatar da tarihin ƙungiyar da ta samar da ita, wato Clay Minerals Society, a taron ƙara wa juna sani na sashenmu. Abu na farko da ya ɗaure mini kai shi ne shekarar kafuwarta, saboda wasu rubuce-rubucen suna cewa 1952, wasu kuma 1962. Sai da na koma ga tsofaffin kundayen tarurruka na gane cewa duka biyun suna da tushe. A 1952 kwamiti ne kawai na ma'adanan yumɓu a ƙarƙashin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa da Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka, kuma a shekarar ne aka yi babban taron farko a Berkeley ta Jihar Kalifoniya. A 1962 kuwa aka yi wa ƙungiyar rajista ta tsaya da ƙafafunta. Daga nan na koyi kada in ɗauki shekara daga rubutu ɗaya sai na san abin da ya faru a cikinta.

Dalilin haɗuwar tasu ya fi shekarun jan hankalina. Sai a wajajen 1930 masana irin su Hendricks da Fry suka nuna da hasken eksire cewa yumɓun ƙasar noma yana da tsararren gini na ƙwayoyi, ba taɓo ne marar tsari ba. Bayan haka masanin ƙasar noma, da mai haƙar man fetur, da mai yin tangaram, da injiniyan hanya, kowa ya ci gaba da nazarin abu guda a ɗakinsa da kalmominsa. Mutane irin su Ralph Grim na Jami'ar Ilinoi ne suka dage a zauna wuri ɗaya. Kundayen waɗannan tarurruka na shekara-shekara ne daga baya suka zama mujallar Clays and Clay Minerals. Birtaniya ma ta riga su, domin tun 1947 take da nata rukunin masana yumɓu.

A ganina, babban aikin ƙungiyar shi ne rumbun samfura da ta kafa a farkon shekarun 1970, wanda ya daɗe a Jami'ar Mizuri kafin a mayar da shi Jami'ar Purdue. An haƙo yumɓu mai yawa daga wurare sanannu, aka gauraya kowane iri ya zama bai ɗaya, aka ba shi lamba: KGa farar ƙasa ce daga Jojiya, SWy yumɓu ne mai kumbura daga Wayomin, STx kuma daga Teksas. Harafin "b" da ke jikin kwalbarmu ma labari ne, domin KGa-1 na asali ya ƙare, aka koma yankin aka haƙo madadinsa, aka kuma bayyana hakan a sunan maimakon a ɓoye. Wannan gaskiya ta burge ni ƙwarai. Tun 2002 kuma ƙungiyar ke shirya gasar Kofin Reynolds duk shekara biyu, inda ake aika wa ɗakunan bincike garin da aka haɗa da gangan, kowa ya faɗi yawan ma'adanan da ke ciki.

Bayan gabatarwar na koma Ƙanƙara na ciko buhu guda daga rami ɗaya, na rubuta wurin da zurfin da ranar, na shanya shi, na daka, na tankaɗe, na gauraya shi sosai, sannan na rarraba a kwalabe masu lamba. Duk ɗalibin da ya zo aunawa a ɗakin bincikenmu yanzu, da KGa-1b yake farawa, sai kwalbar Ƙanƙara, kafin ya taɓa nasa samfurin.