Molon Turawa a zauren mai kalangu

Kuɗin mutum biyu na biya a tashar Zuba, nawa da na jita. Ɗan kamasho ya ce ko dai ta shiga but tare da doya da jarkokin manja, ko in saya mata kujera. Na leƙa but ɗin, na dubi abin da nake ci da shi shekara tara, na zaro kuɗi ba musu. Haka muka bar Abuja bayan asuba, ni a bakin taga, ita a jingine kusa da ni kamar amarya.

Bikin ɗan kawuna za ni a Argungu, amma ko babu bikin da na ƙirƙiri dalilin barin gari. Bes nake kaɗawa, jitar nan mai tsarkiya huɗu masu kauri, wadda mutane ba sa sanin tana nan sai ta yi shiru. Daren Juma'a da na Asabar ina wani otal tare da abokan kiɗa, kuma hannuna ya saba da aikin har ya daina shawara da ni. Duk salon da nake taƙama da shi a YouTube na kwaso. A situdiyon waƙoƙin Hausa kuwa ba a neman irina, mai fiyano ya danna da hannun hagu an wuce wurin. Ban ga laifinsu ba. Tsarkiya mafi kauri kusan sau 41 take girgiza a daƙiƙa, sifikar waya ba ta iya fitar da wannan gurnanin, a waya kuma mutanenmu ke jin waƙa. Wa zai biya kuɗin abin da ba za a ji ba?

Minna, Zungeru, Tegina, Kwantagora. Sau uku ana sa ni buɗe jakar a shinge, don doguwar baƙar jaka a hanyar nan ba abar wasa ba ce. A na ukun jami'in ya daɗe yana jujjuya ta, sai wata tsohuwa daga kujerar baya ta ce, "Ɗana, ƙyale shi, molon Turawa ne." Sunan ya bi jitar har muka sauka. A Yawuri muka yi la'asar muka ci soyayyen kifi da yaji, muka wuce Koko, magariba ta same mu a Jega. Na kwana Birnin Kebbi. Da safe na bi ta Ambursa, na bar filin jirgi a baya, fadamun shinkafa suka yi ta rakiya har cikin Argungu.

Ba lokacin bikin kamun kifi ba ne, don haka kogin Matan Fada shiru, sai jirage biyu-uku da yara masu wanka. Wanda bai sani ba ba zai ce nan ne dubban masunta ke afkawa ruwa da koma da gora ba, bikin da aka faro a 1934 kuma UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi a jerinta na al'adun gado a 2016. Na leƙa gidan tarihin Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, wadda sarakunan Kabi suka zauna ciki har 1942. Akwai ganguna a ciki. Ban daɗe a gabansu ba, gangar da ba a bugawa ba ta da abin da za ta gaya wa makaɗi.

Amaryar 'yar gidan mahauta ce, kalangu kuwa kiɗansu ne, saboda haka ranar ɗaurin aure wani dattijo ya zo da nasa a hammata, da yaro yana bin sa da ɗan karɓi. Ina tsaye ina kallo ya saki wani take. Can ƙarshen layi wani mutum da ke juya nama a tukuba ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a riga, ya taho yana lalube a aljihu. Babu wanda ya kira sunansa da baki. Tun ina yaro nake ganin irin wannan, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ta yaya ba. Ranar tsikar jikina ta tashi, don ni shekara tara ina kiɗa ban taɓa ɗaga ko mutum ɗaya daga inda yake zaune don na kira shi ba.

Washegari na sami dattijon a zaurensa da goro. Babu wuta, amfilifaya ta zama kaya. Sai na yi dabarar da muke yi, na jingina kan jitar da ƙyauren katako, ƙyauren ya ɗauki sautin ya cika zauren. Yara suka taru a ƙofa. Na zage na yi masa abin da na fi ji da shi, salon mari: babban yatsa ya doki tsarkiya mai kauri, manuni ya fizgi siririya ta dawo tas. Har labarin na ba shi, cewa wani Ba'amurke, Larry Graham, shi ya fito da salon lokacin da yake kiɗa da mahaifiyarsa ba su da mai ganga, sai ya mai da babban yatsa babbar ganga, manuni ƙarama. Na ɗauka wannan zai burge mai ganga.

Ya gama taunar goronsa tsaf.

"Hannu kam akwai," in ji shi. "To mi yac ce?"

"Baba, ai ba magana yake ba, kiɗa ne."

"Yaro, ko mata in suna lugude ana jin abin da taɓarya ka cewa. Wanga naka ƙato hakan ga, a ce kurma na?"

Ya jawo kalangu. Ya taɓa wuyansa ya ce in ce "wuya". Ya matse tsarkiya da hammata ya buga, ya sassauta ya sake bugawa: sama, ƙasa. Sannan ya ce ta wahala, ya juya: ƙasa, sama. Na nemo sauti biyu a jikin jita na maimaita. Ya ba ni kukan jariri, sama da sama, ya ba ni kukar miya, sama da ƙasa. Duk na kawo. Har na fara jin kaina.

Sai ya ɗora hannu a hularsa. "Ce kai."

Gaɓa ɗaya ce tak, amma muryar mai faɗinta daga sama take farawa ta gangaro. Shi bugu ɗaya ya yi. Ya matse tukuna, gula ta sauka a fata, sannan ya saki hammata a hankali, sautin ya zubo kamar ruwa daga bakin buta. Ni na buga na ja yatsa baya a kan wuyan jita, ƙarafan da aka gitta suka daddatsa shi, garararat. Yaran ƙofa suka kwashe da dariya. Na sake, haka. Na sake da sauri, ya fi muni.

"Nau gangarowa shikai, naka matakala shika bi," ya ce. Ya karɓi jitar ya shafa wuyanta da yatsa, ƙarfe bayan ƙarfe. "Wa yas sa mata waɗanga?"

Amsar tana bakina, sai dai ban taɓa jin nauyinta ba sai ranar. Babbar bes ta asali, wadda ake tsayar da ita a ƙasa ta kai tsawon mutum, wuyanta sumul yake kamar na goge. A 1951 Leo Fender ya fito da wata ta lantarki mai ƙarafa, ya raɗa mata suna Precision, wato mai sauka daidai, don kowa ya danna ya sami sauti ba kuskure. Abin da aka sayar da ita da shi ke nan, kuma shi ne ya hana ta jin Hausa. Na kuma san labarin Jaco Pastorius, wanda da bakinsa ya ce ya ciccire ƙarafan tasa, ya cike ramukan, ya shafe wuyan da irin man da ake shafa wa jirgin ruwa, har sautinsa ya riƙa zamewa kamar murya. Na san Bakithi Kumalo na Afirka ta Kudu da irinta marar ƙarafa ya shiga kunnen duniya a 1986. Duk na haddace su kamar yadda ake haddace sunayen 'yan ƙwallo. A zauren nan na ji abin da suke nema.

Da ina da filaya a aljihu da na yi ɓarna nan take. Allah ya taimake ni, jitar ɗaya gare ni, kuma Juma'a tana jira.

Kwana uku ina zuwa bayan hantsi. Dabarar da ta fitar da ni ba tawa ba ce. Baba ya lura kullum sai na buga nake neman canza sauti, shi kuwa kafin ya buga ya riga ya matse. "Matsa kamin ka taɓa," ya ce. Sai na tura siririyar tsarkiya gefe da yatsa biyu har ta ɗaure, na buga, sannan na sake ta ta koma mazauninta. Sautin ya gangaro ba tare da ya taka ƙarfe ko ɗaya ba. Masu jita sun san wannan, na sha gani, amma a matsayin ado na ɗauke shi, irin abin da ake yi don a yi tafi. Gangarar ba ta da nisa, tsarkiyar bes tana da tauri, kuma zuwa rana ta biyu yatsuna sun yi bororo. Amma wani yaro a bakin ƙofa ya dafa kansa kafin a tambaye shi.

Daga nan muka shiga tsawo da gajarta, inda na fi shan kunya. Garin zama da garin tuwo hawa da saukarsu ɗaya, bambancin a jan gaɓar farko yake. Ni kuwa na saba barin kowane sauti ya yi ta ruri har na gaba ya zo, don haka duk garin da na kaɗa na tuwo ne. Dole na koyi kashe tsarkiya da tafin hannu da zarar ta faɗi abin da za ta faɗa. Ya ce na cika surutu. Bai yi ƙarya ba, a otal cika wuri ake biyan mu.

Abu ɗaya ya hana ni. Na roƙi ya maimaita taken mutumin nan na tukuba in ɗauka a waya, ya ce a'a. Take kira ne, mai shi yana nan da ransa a bayan katanga, in ya ji zai taso, kuma ba a tayar da magidanci don gwaji. Na mai da wayar aljihu. Da zan tafi na durƙusa na ajiye abin da ya sawwaƙa, ya sa albarka, ya ce in na cire mata haƙoran in kawo ta su gaisa.

A dawowa ma kujera biyu na biya. Bayan mun wuce Jega na zaro jitar na kwantar da ita a cinya, ina tura tsarkiya ina saki, ina faɗin kalmar ƙasa-ƙasa don kunne ya gwada da hannu. Ban san muryata ta fito ba. Wajen Koko direba ya rage gudu, ya dube ni ta madubi.

"Malam, tun ɗazu kake kai, kai, kai. Mi ni yi maka?"