Idon da ya ƙi rufuwa

Wata na huɗu kenan ina koyon aiki a sashen ido a nan Legas, kuma da yake ni kaɗai ce mai jin Hausa a wajen, duk ɗan Arewan da ya zo daga Agege ko Mile 12 ni ake kira in yi tafinta. Ta haka na haɗu da wani dattijo mai tsire, ɓarin fuskarsa na dama ya shanye, baki ya karkace, ido ya yi jajir yana ta zubar ruwa. Ya ce min 'yata iska ce ta buge ni. Na ce Baba rufe idonka mu gani, ya matse iya ƙarfinsa amma na daman bai haɗu ba, ƙwayar ta juya sama sai fari kawai kake hangowa.

A ranar na gane abin da nake haddacewa ba tare da na fahimta ba: jijiyar da ke buɗe ido daban, mai rufewa daban. Ta bakwai cikin jijiyoyin kai ita ke rufewa, in ta samu matsala fatar ido ba ta saukowa. Mutum na ƙifta ido wajen sau 15 zuwa 20 a minti, kowace ƙiftawa tana shafa hawaye a kan tantanin nan na gaban ido mai kama da gilashi, to shi nasa a buɗe yake kwana, ga fanka, ga hayaƙin gashi kullum da yamma.

Na je na yi ta karatu a kan rufe ido da maganaɗisu don ni abin ya burge ni sosai. Tun 1973 wani likita a Jamus, Mühlbauer, ya gwada dasa 'yan ƙananan maganaɗisu a fatar sama da ta ƙasa don su jawo juna ido ya rufe. Dabara ce mai kyau wallahi, saboda zinaren da aka saba dasawa a fatar ido ta sama don ido ya rufe, wajen giram 1, nauyinsa ne ke jan fatar ƙasa, in mutum ya kwanta rigingine aikinsa na raguwa, shi ko maganaɗisu ba ruwansa da kwanciya. Matsalar maganaɗisun ita ce yakan huda fata ya fito, sannan ga batun hoton MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da na'ura mai maganaɗisu mai ƙarfi, shi ya sa masu bincike suka koma gwada na mannawa ta waje.

Na kawo wa likitarmu zancen ina ta zumuɗi, sai ta ce duk ta ji, amma daren yau me zai rufe idon Baba? Ta miƙo min man ido da filasta. Ni na koya wa ɗansa yadda zai sa man, ya sauko da fatar a hankali, ya manna filasta a kwance bayan sallar isha'i, da rana kuma ɗigon hawayen roba da tabarau. Na roƙi Baba ya bar wa yaran gashin na ɗan lokaci, da ƙyar ya yarda. Da suka dawo bayan sati biyu jan ya ragu sosai, ɗan ya nuna min yadda yake yanka filastar da almakashi daidai faɗin idon.