Abin da ke saura a ƙasa bayan mai ya ɓace

Aikin gyaran gurɓatacciyar ƙasa ya koya mini kada in yi saurin yarda da takardar sakamako. Mukan ɗebo ƙasar garejin makanikai wadda baƙin mai ya jiƙe, mu cakuɗa ta da kashin kaji, muna yayyafa ruwa muna juyawa don bakteriya su samu iska da abinci. Bayan 'yan makonni na'ura ta nuna naftalin da antirasin, wato wasu sinadarai masu guba da ke cikin baƙin mai, sun ragu ƙwarai, sai kowa ya fara murna.

To amma ina suka tafi? Waɗannan sinadarai ƙirar zobe gare su, kuma zoben ba ya fashewa lokaci guda. Bakteriya irin su Pseudomonas putida sukan fara cusa wa naftalin oksijin, a bi mataki-mataki har ya koma salisilet, sannan katekol, sai a tsinke zoben, daga ƙarshe a samu ruwa da iskar kabon. Idan ana tsinke katekol, wani lokaci ruwan cikin kwalba yakan rine ya yi rawaya shar. Ranar da na fara ganin haka na daɗe a tsaye ina kallo. Sinadarin da bakteriyar ke fara aikin da shi ma yana iya mayar da wani sinadari mai suna indol ya zama shuɗin baba, irin na marinar Ƙofar Mata.

Matsalar tana tsakiyar hanya. In iska ta yi ƙaranci ko abinci ya ƙare, aikin sai ya tsaya, 'ya'yan sinadarin su taru. Antirasin kan koma antirakwinon, musamman a hannun naman gwari. Irin waɗannan sun fi iyayensu saurin bin ruwa, wasu kuma gubarsu ba ta gaza ta asali ba. Ga shi jerin sinadarai 16 na hukumar kare muhalli ta Amurka, wanda yawancin ɗakunan gwaji ke bi, iyayen kawai ya lissafa.

Wannan yana damuna idan na tuna Ogoni. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya gano benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin man fetur, a rijiyoyin garin Nisisioken Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900. Mutanen da suka sha wannan ruwan bai kamata a sake ce musu ƙasarsu ta tsarkaka alhali rabin gwaji aka yi ba.

Shi ya sa yanzu nake auna ruwan da ya tsatso daga ƙasar, in shuka iri a cikinta in ga tsawon saiwarsa, in saka tana in ga ko za ta rayu, kafin in sa hannu a rahoto.