Ginin dutse a kan tsaunukan Mandara

Na daɗe ina zuwa Koza daga Marwa, a arewacin Kamaru, sayen albasa, amma sai da wani abokin cinikina, ɗan ƙabilar Mafa, ya matsa mini na hau dutse na ga tsoffin gine-ginen dutse da ake kira Diy-Gid-Biy. "Alhaji, bar buhunan nan, zo ka ga aikin mutanen da," in ji shi.

Hawan da wuya, sai da na huta a hanya. A sama kuwa ga bango na zallar dutse, babu laka, babu siminti. An jera duwatsun sun haɗu daram, inda ɗan gibi ya rage aka cusa ƙaramin dutse ya riƙe. Na sa hannu na girgiza ɗaya, ko motsi bai yi ba. Ga matakala, ga lunguna matsattsu da ke ratsa cikin ginin.

Wurare 16 ne irin wannan a ƙauyuka 7, an gina su tsakanin ƙarni na 12 da na 17. Wanda ya hango su daga ƙasa zai ce ganuwar yaƙi ce, tunda tsaunukan nan sun sha zama mafaka daga masu kamen bayi. Amma Nicholas David, masanin da ya yi tono a wurin, ya fi karkata ga cewa wuraren roƙon ruwa ne a zamanin fari. A watan Yulin 2025 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya, kamar yadda ta sa Sukur da ke tsallaken iyaka a Najeriya tun 1999.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne gonakin da ke kewaye. Har yau Mafa na jera duwatsu hawa-hawa a jikin tsauni don tare ƙasa da ruwan sama, bana dawa, baɗi gero. Mu mutanen gari mun saba da raina su, muna ɗaukarsu 'yan dako da ƙwadago kawai, alhali a cikinmu ban san mai iya tayar da bango kamu biyu ba tare da siminti ba. Wannan raini bai dace ba ko kaɗan.

Hare-haren Boko Haram sun kori iyalai da yawa daga ƙauyukan yankin Mayo-Tsanaga, inda Koza take, kuma katangar gona in damina ta wuce ba mai gyara ta, zubewa take yi. Allah ya kawo zaman lafiya mutanen nan su koma gonakinsu.