Yau na ga abin da ke danne min jijiya

Laraba, bayan sallar Isha'i.

Yau ma a kan kujerar roba na yi sallar Asuba. Sati uku ke nan rabona da ruku'u yadda ya kamata. Da gari ya waye na zauna bakin katifa zan sa safa, ina miƙa hannu in kamo ƙafar hagu sai na ji kamar an jona min wayar lantarki, tun daga kwankwaso ta bi bayan cinya har babban yatsa. Na haƙura na zura silifas.

Yaya ne ya raka ni Asibitin Ƙashi na Dala, don in kai wa likita hoton MRI, wato hoton cikin gadon bayana, da aka ɗauke ni makon jiya. A cikin Adaidaita Sahu duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙafa. Yaya sai cewa yake, "Malam, a hankali don Allah, da mara lafiya."

Likitan bai fara da hoton ba. Cewa ya yi in kwanta rigingine, ya ɗaga ƙafar hagu a miƙe, ko rabi bai kai ba na riƙe masa hannu. Ya sa na taka da dunduniya zuwa bakin ƙofa, sannan ya danne babban yatsana ya ce in ture hannunsa sama. Na dama ya ture, na hagun kuwa da ƙyar. Ni da nake tsaron baya a ƙwallon ƙafa shekara takwas, yau yatsa ɗaya ya gagare ni.

Sai ya kafa hoton a jikin fitila. Ƙasusuwa 5 ne a ƙasan gadon baya, in ji shi, kuma tsakanin kowane biyu akwai wani faifai kamar matashi, bayansa da tauri, cikinsa da laushi. Nawa na tsakanin ƙashi na 4 da na 5 ne ya tsage, na cikin ya bulluƙo ya danne jijiyar da ke sauka har babban yatsa. Ya nuna min da bakin biro, ɗan abu baƙi da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ya ce nan da faifan da ke ƙasansa su ne suka fi samun wannan matsalar, don su ke ɗauke da nauyin jiki duk sanda mutum ya sunkuya ko ya murɗa. A nan na gane abin da ya sa ƙafar ta fi bayan zugi, da abin da ya sa atishawa ke tsorata ni. Ashe duk man zafin da nake ta shafawa a cinya, ba can ciwon yake ba.

Ya tambaye ni yadda abin ya faro, ban ɓoye masa komai ba. Tun damina ne, na tashi sama zan sa wa ƙwallo kai, na sauko a karkace, na ji wani abu ya amsa a baya. Washegari na je kemis aka yi min allurar diclofenac, zafin ya lafa, na koma fili. Wasa uku na ƙara bugawa a haka, kowanne da allurarsa. Likitan ya yi shiru, sannan ya ce allurar ba ta mayar da faifai, zafin kawai take kwantarwa, kuma yawanta na taɓa ciki da ƙoda. Wannan maganar ta tsaya min a rai har yanzu. Jikina ya yi ta faɗa min in tsaya, ni kuma na yi ta biyan kuɗi ana rufe masa baki, saboda kada a ba wani gurbina.

Na kawo masa zancen Kawu, da ya dage a kai ni wajen maɗori ko a yi min ƙaho. Ya ce ba karaya ba ce balle a ɗora, kuma kada in yarda kowa ya taka min baya.

Abin da ya sanyaya min zuciya shi ne ba a yi zancen tiyata ba. Ya ce yawancin masu irin wannan suna samun sauƙi cikin sati 6 zuwa wata 3, don jiki da kansa yakan shanye abin da ya bulluƙo sannu a hankali. Kada in kwanta in ƙi tashi, in riƙa ɗan tattaki, in rage dogon zama, ban da ɗaukar jarkar ruwa. Ya rubuta min zuwa sashen gashin ƙashi. Amma ya ja kunnena sosai: in fitsari ya ƙi fita, ko shi ko bayan gida ya fara kufce min, ko tsakanin cinyoyina ya mutu, ko ƙafar ta ƙara rauni, in taho ko da tsakar dare ne. Sau biyu ya maimaita yana kallon Yaya.

"Likita, zan koma ƙwallo?"

"Da yawa suna komawa. Amma ƙafarka ce za ta faɗa mana ranar."

Da La'asar na lallaɓa fili na tsaya a gefe. Koci ya zo ya dafa kafaɗata ya ce, "Allah Ya sa kaffara ne." Yaron da aka sa a gurbina bai wuce shekara 19 ba, kuma sau biyu na ga yana dafe ƙugu bayan ya yi tsalle. Da aka tashi na kira shi gefe na nuna masa hoton a wayata, na ce ya faɗa wa Koci, kada ya bi ta kemis. Ya ce to, amma idonsa na kan masu rabon riguna.

Ɗazu na karanta labarin Tiger Woods, ɗan wasan golf na Amurka. An fara yi masa aiki a baya a 2014, a 2017 aka haɗe masa ƙasusuwa biyu, a 2019 ya sake cin gasar Masters. Shekara biyar ke nan, ga shi da kuɗi da likitoci. Ni sati 6 aka ce min har ina jin sun yi yawa.

Umma ta leƙo ta ce, "Sannu, ɗan nan," ta miƙo min matashin da zan sa tsakanin gwiwoyi in na kwanta a gefe. Gobe ƙarfe 9 zan fara gashi. Yau na taka daga gida zuwa masallaci na dawo, sau ɗaya kawai na tsaya na dafa bango.