Abin da na koya game da antibirus a shagon gyaran kwamfuta a Garwa

Ƙarshen watan jiya na miƙa makullin shagon da na yi wa aiki kusa da babbar kasuwar Garwa. 'Yan sana'a sun san irin shagon, don haka zancen antibirus kawai zan yi, tun da shi ne sanadin tafiyata.

Maigidanmu yana da wani hadis na waje, wato ma'ajiyar fayiloli da ake jonawa da kwamfuta, da ya cika da manhajojin da aka fasa don su yi aiki ba a biya lasisi ba. Duk wanda ya kawo kwamfuta ya ce a sa masa kariya mai ƙarfi, daga nan ake ɗauko Kaspersky ko ESET da makullin sata, a karɓi kuɗinsa kamar na asali aka sayar masa. Kafin a girka kuma dole a kashe Defender, antibirus ɗin da ke zuwa cikin Windows, don da ya ga fayil ɗin fasawar yake share shi. Na sha ce masa, "Yallaɓai, abin da Defender yake ƙi ba banza yake ƙinsa ba." Amsarsa kullum ɗaya ce: "Kai yaro, ni na buɗe shagon nan ko kai?"

Akwai wani Alhaji mai sayar da kayan gyaran babura, wanda duk bashin da yake bin 'yan kasuwar Marwa da Gidar yana cikin Excel. Maigida da kansa ya sa masa irin wannan kariyar, ina tsaye. Ba a daɗe ba ya dawo da kwamfutar a hammata, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Na buɗe, na ga kowane fayil an liƙa masa wasu baƙin haruffa a ƙarshen suna, hotunan auren 'yarsa ma haka, ga wata 'yar takarda mai suna _readme.txt. Birus ɗin STOP/Djvu ne, wanda aka san yana bin manhajojin da aka fasa. Yana kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa, a shekarun baya dala 980, ko 490 in an tuntuɓi masu shi cikin awa 72. Kamfanin tsaron kwamfuta Emsisoft ya fitar da mabuɗi kyauta a 2019, amma wasu nau'o'insa kawai yake buɗewa. Na gwada har bayan sallar isha'i, bai buɗe ko ɗaya ba.

Da Alhaji ya tambayi yadda aka yi, maigida ya nuna ni da baki ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, aikin yaran zamani ne. Na ce ya sa na asali, ya yi son ransa." Alhaji ya dube ni ya ce, "Ɗana, me na yi maka?" Wannan tambayar ta fi mini ciwo a kan rabin albashin da aka yanke mini a watan. Na yi shiru saboda girman furfura, kuma har yau mutumin nan in mun haɗu a masallaci da ƙyar yake amsa sallamata.

Don haka ga duk mai zaɓar antibirus: wanda aka fasa ƙofa ce ka buɗe wa ɓarawo da hannunka. In ba ka da kuɗin lasisi, Defender yana cikin Windows 10 da 11 kyauta, kuma a gwaje-gwajen AV-TEST, cibiyar gwada antibirus ta Jamus, yana samun maki mai kyau. Bukatarsa a bar shi a kunne, a riƙa haɗa kwamfutar da intanet yana sabuntawa. A nan mutanenmu suke faɗuwa, don ana jin tsadar data, sai a yi wata da watanni ba a sabunta ba, alhali sabon birus ba ya cikin tsohon jerin da manhajar ta sani.

Wanda zai saya, ya ga an shigar da makullin a gabansa, ya ga ranar ƙarewar lasisin da idonsa. Na kyauta ma akwai abin lura: a 2020 aka gano wani reshen Avast, kamfanin da ke ba da antibirus kyauta, yana sayar da bayanan shafukan da mutane suke shiga, har hukumar kasuwanci ta Amurka ta sa kamfanin biyan dala miliyan 16.5 a 2024.

Kada a tara manyan antibirus biyu a kwamfuta ɗaya, balle tsofaffin nan masu RAM giga 4, sai ta koma jan ciki. Ƙaramin antibirus ɗin nan Smadav yana taimakawa kan birus ɗin filash da ɗalibai ke kwasowa daga wuraren buga takardu, amma shi kaɗai bai isa ba. Windows 7 kuwa tun Janairun 2020 Microsoft ta daina kula da ita. Lissafin kasuwa a ajiye kwafinsa a wani hadis da ba ya zama jone da kwamfutar.

Yaron da zai zauna a kujerata, ranar da aka ce ka kashe Defender ka girka abin cikin hadis ɗin nan, ka nemi a faɗa maka haka a gaban mai kwamfutar.